Shekarar da Malam Jumare Ya Ƙi Huɗa

Malam Jumare na Kwarbai shekara ashirin da takwas ya yi yana noma da yatsu goma. Mai buga tafireta ne a ofishin gona, duk rahoton da masana suka rubuta ta hannunsa yake bi, kuma abin da ya buga sai ya zauna masa daram kamar hadda. Ya san zurfin da ƙwayar masara ke so, ya san sunan tsutsar dawa da Turanci. Hauya kam, rabonsa da ita tun yana yaro. Gonar gadonsa da ke bayan dutsen Kufena, Bahago ɗan ƙanen mahaifinsa ne ke huɗe masa ita da shanu kowace damina, shi dai nasa karɓar dami ne da gyara wa mutane kuskure.

Abin da ke ci masa rai guda ne. Duk tsawon aikin nan ba a taɓa cewa, "Malam Jumare, me ka gani?" ba. Kullum sai "Buga wannan." Da ya yi ritaya a 1988, sai ya dawo gida da agogon bango da kwafin wani rahoto a kan shuka ba tare da huɗa ba, ya ƙudura a ransa ko sau ɗaya ne sai Zariya ta ce gaskiyarsa.

Dakalin ƙofar gidan Alhaji Labaran, inda dattawan unguwa ke zama bayan la'asar, nan ya mayar ofishinsa.

"Huɗa ɓarna ce," in ji shi, yana kaɗa takardar. "Ku juya ƙasa rana ta ƙone ta, ruwa ya zo ya kwashe ta ya kai rafi. A bar kara da ciyawa a kwance, a yi feshin maganin ciyawa, a sara rami a jefa iri. Magana ta ƙare."

Bahago ba mai yawan magana ba ne, amma ranar ya tanka. "Yaya, in aka wuni ana ruwa, masararka a tafki za ta tsaya. Kuma gara fa? Ka bar mata kara, ai ka yi mata shimfiɗa ka kawo mata tuwo."

"Ka karanta rahoton?"

"Ban karanta ba. Gonar na karanta."

Aka bushe da dariya, abin ya sosa wa Malam Jumare inda ba ya so. Nan take ya ɗaure kansa da bakinsa: bana garma ba za ta taɓa gonarsa ba, in kaka ta yi masararsa ba ta fi ta Bahago ba, ya bar maganar noma har abada. Ga mutumin da ba shi da wata dukiya sai baki, wannan ba ƙaramar caca ba ce.

A yi masa adalci, ya yi aiki. Ya ari tankin feshi ya goya da kansa, ciyawa ta mutu ta kwanta, ya bi da sungumi yana sara yana jefa iri har tafin hannunsa ya yi kanta. Mai wucewa in ya duba sai ya ga juji: tsohon kara, busasshiyar ciyawa, ba layi ba tsari. Shi kuwa Malam Jumare in ya tsuguna yana ganin tsiro yana leƙowa, kore shar. Murna kamar ta kashe shi. Sai zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara.

Ranar da ya samu sauƙi ya hau kekensa ya nufi Kufena. Tun daga nesa ya ji ganga. Ya ce a ransa wani ke gayya, irin taron dangi da maƙwabta da ake yi a nome wa mutum gona a wuni guda. Sai da ya sha kwanar tsamiya ya ga wace gona ce. Shanu huɗu, maza sun kai ashirin, matarsa Safiyatu na gefe tana zuba fura. Kunyoyi sun miƙe sambal daga iyaka zuwa iyaka, ja wur, ko tsinke ba a bari ba.

Bahago ya taho yana share gumi, fuskarsa fal farin ciki. Ya rage murya. "Yaya, ka yi haƙuri da dariyar ran nan. Daga baya muka gane. Zamanin nan kowa yana ji a jikinsa, balle mai ritaya. Ba ka da halin huɗa, shi ya sa ka fake da takarda. Alhaji Labaran ya ce a rufa maka asiri. Har iri mun sake zuba maka, namu na gida."

"Ai na shuka," in ji Malam Jumare, da kyar. "Ta fito."

"Mun gani, Yaya. Allah ya ba ka ladan ƙoƙari."

Da zaginsa aka yi da ya san amsa. Wata biyu yana zuba hujja, ashe ba mai gardama da shi, tausayinsa ake ji. Ya sunkuya ya ɗauki wani tsiro da garma ta tumɓuke, lafiyayye, saiwarsa ta fi yatsa tsawo. Ya ɗago zai nuna musu, sai ya ga an tsayar da ganga, maza ashirin sun tattaro jiƙe da gumi, sun ɗaga hannuwa suna jiransa, a matsayinsa na ɗan gidan malamai, ya yi musu addu'a.

Ya saki tsiron. Ya ɗaga nasa hannuwan.

"Allah ya saka da alheri," ya ce. "Allah ya bar zumunci."

Suka amsa da amin mai ƙarfi, har shanun suka waiwayo.