Ƙaryar Da Na Yi Wa 'Yar Majalisarmu

A lokacin ni ce shugabar mata ta jam'iyya a mazaɓar Lafani, bazawara mai sayar da albasa a kasuwar Illela, mai baki kuma mai jama'a. Hajiyar da ke wakiltarmu a majalisar jiha malamar firamare ce kafin ta shiga siyasa, kuma sau huɗu muna zaɓenta. Ita ta yi ta sintiri har aka buɗe mana ɗakin haihuwa aka ajiye ungozoma. Ba ta iya raba atamfa ba, ba ta iya daɗin baki ba, abin da ya sa wasu ke cewa tana da girman kai.

Ɗiyata ta nemi makarantar koyon jinya ta faɗi jarabawa, sai na tafi Sakkwato na roƙi Hajiya ta sa baki. Ta ce mini wanda zai riƙe ran mutane ba a shigar da shi ta bayan gida, yarinya ta sake zama, ita za ta samo mata mai koya mata. Na fito raina a ɓace. Ko mako ba a yi ba wani ɗan canjin kuɗin sefa na bakin iyaka, mai neman kujerarta, ya aiko a kira ni. Mutum ne da ba ya iya haɗa jimla biyu sai ya duba wayarsa, babbar riga kawai da ƙamshin turare. Ya yi ta ce mini Inna, ni kuwa sakara na ji kaina ya kumbura.

Gida-gida na bi ina gaya wa mata cewa da kunnena na ji Hajiya na cewa matan ƙauye ƙazamai ne, sai ta wanke hannu in ta gaisa da mu. Wallahi ba ta taɓa faɗa ba. Wata tsohuwa ta tambaye ni mi Hajiya ta yi mini, na kau da kai. Maganar ta kai har Gidan Katta, kuma Hajiya ta faɗi zaɓe.

Gwanin namu tun da ya tare a Sakkwato lambarsa ta daina shiga. Da aka ɗauke ungozomarmu, mu mata muka yi mota muka je gidansa. Muka wuni a bakin ƙofa cikin rana, daga baya mai gadi ya fito da sabulu ya ce Honarabul na gaishe mu. Sabulu fa! Bayan 'yan watanni naƙuda ta kama matar ɗana, ɗakin haihuwa da kwaɗo. A kan babur aka kai ta asibitin Konni, tsallaken iyaka. Ita ta rayu, jaririn bai zo da rai ba.

Hajiya ta zo gaisuwa. Ta zauna kan tabarmata, ta kama hannuna ta yi mini addu'a, ba ta tayar da komai ba. Na so ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Yau na raina mutumin nan, amma ban raina shi kamar yadda na raina kaina ba, don shi bai san Hajiya ba, ni na san ta. 'Yan'uwana mata, in wani ya fara kiranku Inna ana gab da zaɓe, ku tambayi kanku mi yake so ku rushe masa. Na nemi gafarar Hajiya ta yafe. Matar ɗana ce har yau na kasa gaya wa.