Sista Kubura da Ƙahon Lantarki

Ranar da Badaru ya fara haɗuwa da Sista Kubura, da abin kunya ya buɗe. Ya taso daga Mai'adua a kan babur don duba wansa Kalilu, wanda ciwon suga ya buɗe wa gyambo a dunduniya har aka kwantar da shi a wani asibiti cikin Daura. Kafin ya gama "ya jiki", idonsa ya faɗa kan soket a bango, ga wayarsa ta kwana biyu ba ta ga wuta ba. Ya zare abin da ya tarar a ciki, ya soka cajarsa, ya gyara zama yana ba wa masu jinya labarin kasuwar shanu. Yana tsakiyar labari wani ɗan akwati da ke rataye jikin gado ya cinye guntun batirinsa, ya kama kuka kamar ɗan tsakon da uwarsa ta ɓace masa.

Wata gajeriyar mata mai farin hijabi ta shigo. Ta zare cajar, ta miƙa masa da hannu biyu kamar mai rabon goron biki, ta mayar da wayar injin. Badaru, wanda ko a zaman makoki sai an roƙe shi ya yi shiru, ranar ya cusa cajar a aljihu, ya bar labarin shanu a tsakiya.

Daga baya ya san ko wace ce. Kubura 'yar wanzami ce daga Dutsi. Ta tashi tana ganin mahaifinta yana kafa ƙaho a bayan manoma, ya zuƙe iska, ya liƙe bakin, ya koma gefe yana jira. Mace ba ta gadon zabira, don haka kayan aikin suka tafi hannun ƙanenta, ita kuma ta tafi makarantar koyon jinya. Shekara ashirin ta yi tana wankin gyambo, aikin da sauran ma'aikata ke tuna suna da uzuri in an zo rabonsa. Da aka kawo injin, wasu suka tsaya tsoron maɓallansa. Ita kuwa ta duba, ta ce ai sun san juna tun tana yarinya.

Soso take yankawa daidai bakin gyambon, ta rufe da leda mai mannewa, ta haɗa siririn tiyo, injin ya riƙa tsotse ruwa da mugunya yana tarawa a kwalba. Ranar canjin soso kuma akwai wani ɗan ƙarfe da take bi da shi kan ciwon, mai fitar da sautin da kunne ba ya ji, yana karkaɗa ruwan magani har mataccen nama ya saki. Badaru ya ce shi bai taɓa ganin kiɗan da ƙafa kaɗai ke ji ba. Ta ce ya yi ta kallo, kallo ba ya ɓata magani.

Likita ya riga ya yanke magana: mako uku, in sabon nama bai tsiro ba, za a cire ƙafar daga ƙasan gwiwa. Kalilu kuwa mai bin shanu ne kasuwa-kasuwa, abincin gidansa a ƙafarsa yake.

Mako guda ya wuce, gyambo yana nan jiya i yau. Kullum da safe Kubura za ta liƙe leda tsaf, da la'asar ta tarar iska na shiga. Ta canza leda, ta canza tiyo, ta zargi gumi, ta zargi hannunta. Sai wata Juma'a ta ƙi tashi daga aiki, ta zauna a kusurwa kamar mai hutawa. Masu dubiya suka shigo bayan an sauko daga masallaci, daga Baure, daga Mai'adua, kowa ya yi addu'a, sannan ya ce, "To, mu ga wurin." Kalilu, mutum mai kunya, ba zai hana surukinsa gani ba. Sai ya ɗaga gefen ledar da farce, a leƙa, a yi salati, wannan ya ce zuma, wancan ya ce toka, sannan Kalilu ya mayar da ledar ya shafe da tafin hannu.

Da wata ce, da ta kore su ta rufe ƙofa. Kubura ta san ba a korar mai neman ladan dubiya. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tambayi dattijon cikinsu, "Baba, in wanzami ya kafa maka ƙaho, ka taɓa ɗagawa ka leƙa?"

Tsohon ya ce ai in aka ɗaga, sai ƙahon ya faɗi.

"To wannan ma ƙaho ne."

Daga nan ta naɗa Badaru mai gadin ƙafa. Duk ranar canjin soso sai ta ɗauki hoton gyambon a wayarsa. Mai son gani, Badaru ya nuna masa hoto, ya kuma cika shi da surutu har ya manta abin da ya kawo shi. Badaru ya ce tun da uwarsa ta haife shi, wannan ne karon farko da aka ba bakinsa aikin gwamnati.

Kwana goma sha biyu leda ba ta ɗaga ba. Da wa'adi ya cika, likita ya buɗe, ya tarar da jan nama ya taso kamar cikin kankana. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a ci gaba, babu zancen wuƙa. Kalilu ya juya fuskarsa bango don kada a ga idonsa.

Ranar sallama Badaru ya iso da damin rake a bayan babur da katan ɗin lemo a kan tanki. Kubura ta tare shi a bakin ƙofa. Ya ce, "Haba Sista, barka ce fa. Yaya ya sha wuya, a bar shi ya ɗan jiƙa maƙogwaro."

Ta dubi raken, ta dube shi.

"Malam Badaru, mako biyar ina tsotsewa ta ƙafa, kai za ka ɗura masa ta baki? In ka matsu sai ya sha, tsaya in fara auna ɗaya ƙafar."