Gogen Tsohon Hawa na Uku

Ƙanin matata ne ya mai da ni maci amana a Riyad, ni da na ba shi katifa a ɗakina lokacin da kafilinsa, ubangidansa na aiki, ya kore shi.

Gadi nake yi a wani bene a unguwar Al-Badi'a. A hawa na uku akwai wani tsohon Balarabe, ba ɗan ƙasar nan ba, yana zaune wurin ɗansa. Mai tsara kiɗa ne, na gogen Turawa da ake dannewa da haɓa. Gwamnatin ƙasarsu ta hana kiɗansa, ta ɗaure abokansa, shi ya tsallake iyaka daga shi sai gogen nan.

Bayan la'asar yake yi. Ba ganga, ba waƙa, ba 'yan amshi. Da farko na ɗauka bai iya ba. Sai ya ja wata ƙara kamar ƙyaure mai tsatsa, ya yi shiru, ya kuma ja. Ina sharar matakala ina dariya, har na zo na daina dariyar. Wata rana na tambaye shi don me ba mai raka shi. Ya ce, "Masu raka ni suna kurkuku, ya akhi. Goge ɗaya ya rage, shi nake tsara wa."

Da za a kwantar da shi asibiti, ɗansa ya yi tafiya, ni ya miƙa wa akwatin gogen. Ya ce in ajiye inda sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yake, zafi ne ajalinsa. Na ce fi amanillah, na tura ƙarƙashin gadona.

Ranar Juma'a na tafi kasuwar Utaiƙa sayen dabino. Na dawo ba akwati. Ƙanin matar tawa yana kishingiɗe yana latsa waya.

"Ina kayan mutane?"

"Yana saman rufi, Yaya. Ni ba na salla a ɗaki da goge."

A tsakiyar zafin Riyad! Na hau a guje. Ya ma buɗe akwatin ya baje. Wuyan gogen ya rabu da jikinsa, gam ya narke, cikin ya tsage, katakon ko taɓuwa ba ya yi don zafi.

Na sauko da shi. Yaron ya leƙa ya ce, "To ai goge rana yake so. A Maradi ba shanya shi ake yi fatar ta ɗaure ba?"

Wace fata? Katako ne!

Da aka sallamo tsohon, tun daga bakin mota yake nemana da ido. Na yi kamar ina gyaran tiyo. Na shiga ɗaki na tsaya a kan yaron, na ce:

"Tashi ka sa takalmi. Sallarka ka tsare, ni ka bar ni da kunya. Kai za ka ɗauki akwatin nan har hawa na uku, ka buɗe masa da hannunka, ka gaya masa yadda ake yi a Maradi. In ka sauko, ka naɗe katifarka."