Kwalbar Ƙarƙashin Randa

Babana direba ne. A da yana ɗaukar kaya daga garinmu Sabon Birni zuwa Maraɗi, wani lokaci kuma zuwa Isa. Duk sanda ya dawo daga Maraɗi, a cikin jakarsa akwai kwalba ɗaya da ya naɗe da tsohuwar riga don kada ta fashe. Lemun inabi ne mai gas, irin wanda ake rufe wa wuya da takarda mai ruwan zinare. Ba ya sayen iri ɗaya sau biyu a jere. Wani fari, wani ja, wani ma na tuffa ne.

Kaka, mahaifiyar Baba, tana zaune tare da mu, kuma ba ta taɓa yarda da kwalaben nan ba.

"Duk abin da anka naɗa ma rawani haka, giya ce," in ji ta.

Sai Baba ya kai kwalbar kusa da idonta, ya ɗora yatsa a kan wasu kalmomi biyu na Faransanci. Bai iya karanta su ba, amma ya san kamanninsu kamar yadda ya san alamun hanya.

"Inna, ga shi nan an rubuta, babu giya."

"Kai da ko firamare ba ka ƙare ba, yaushe kaz zama Bafaranshe?"

Ba mu da firij. Randarmu tana zaune a kan tarin rairayi a ƙarƙashin rumfa, rairayin kullum a jiƙe. Nan Umma take haƙa rami da hannu, ta binne kwalbar har wuya, ta kwana. Washegari bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma, ta ɗauko ƙananan kofunan gilashi biyu na shayi. Ni ina zama a bakin ƙofar ɗaki da littafina a buɗe, ba karatu nake ba.

Baba ne yake buɗewa. Yana murɗa murfin a hankali don ƙarar ta daɗe. Ya zuba, ya ɗaga kofinsa sama wajen haske, yana kallon 'yan ƙwayoyin iska suna hawa a jere. Ya kurɓa kaɗan, ya jira. In ya ji daɗi sai ya ce, "Wanga ya kai hanci." In bai ji ba ya ce, "Rago ne, a maƙogwaro yat tsaya."

Umma ita ba ta fara sha sai ta saurara. Takan ture kallabinta, ta kai kofin kunne, ta rufe ido. Shi kuma ya tambaye ta, kullum da kalmomi iri ɗaya:

"To Malama, wane irin ruwa ne yau?"

Wani ta ce yayyafi ne. Wani ta ce mamako, mai daɗewa bai ɗauke ba. Akwai wani ja da ta ce ruwan farko ne mai zuwa da iska, wanda ke kwashe shanya. Sukan yi gardama a kai.

"Direba, kai kunnenka ƙugin mota ya cinye shi, mi kake ji?"

"Ke kuma harshenki yaji ya kashe shi."

Abin da ya rage a gindin kwalba nawa ne. Murfin kuwa Umma ta jefa shi cikin wani gwangwanin madara da take tara su a ciki.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare ya kawo kwalba ta ƙarshe. Koriya ce, murfinta na murɗawa. Da yamma ya iso, da asuba aka kira shi ya kai buhunan hatsi Isa. Ya tsaya a bakin rumfa yana sa hula, ya ce wa Umma, "Bar ta ta yi sanyi. Za ni dawo kafin la'asar."

A hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare su. An ga motar a gefen hanya, ƙofofi a buɗe. Shi da mutum uku aka shiga da su daji.

Na sha jin mutane suna ba da labarin irin wannan rana, suna cewa sun yi kuka har sun faɗi. Ni abin da na tuna shi ne an aike ni aron tabarmi a maƙwabta saboda masu zuwa jaje, kuma ɗaya tabarmar tana warin daddawa. Na je makaranta washegari. An yi mana gwajin lissafi, na ci.

Lokacin ba a yi shuka ba tukuna. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko. Ƙannen Baba suna shiga suna fita, suna magana ƙasa-ƙasa a zaure, ba a gaya mini komai. Umma tana dafa abinci, tana shara, tana salla. Maganarta ta ragu har wata rana na ƙirga, kalma tara ta yi mini daga safe zuwa magariba. Abu ɗaya ne ba ta taɓa mantawa ba. Kowace safiya kafin in tafi makaranta sai ta ce, "Jiƙa rairan nan."

Wata rana gwaggona ta zo daga Kurawa da 'ya'yanta, ana zafi, ta hango wuyan kwalbar.

"Yaya, ba ki buɗe ma yara wanga su jiƙa maƙoshi?"

"Mai ita za shi buɗe ta da hannunshi," in ji Umma. Ba ta ko ɗago kai daga tsintar shinkafa ba.

Ko Kaka ta daina kiran kwalbar giya. In za ta ɗebi ruwa sai ta kewaye ta.

Daga nan na gane Umma ta ɗora komai a kan kwalbar nan. In ya dawo ya buɗe ta, ya ɗaga kofi, ya yi mata tambayarsa, to mutumin da ya fita shi ne ya dawo.

Na san haka, kuma duk da haka na buɗe ta.

Wata safiya ce, Umma tana bayan gida, Kaka tana lazimi. Ina durƙushe ina yayyafa wa rairayi ruwa. Na sa farce na ɗaga takardar zinaren, ta ɗagu ba ta yage ba. Na murɗa murfin kaɗan, wani abu ya ce ƙas, sai ƙarar ta fito, doguwa, irin wadda Baba yake so. Na mayar da murfin da sauri, na shafa takardar da yawu, na ɗauki jakata na tafi. Ban sha ko ɗigo ba. Ban ji daɗi ba, ban kuma ji tsoro ba. A aji dai na riƙa jin ƙarar a kunnena har aka tashi.

Bayan kwana uku na sake. Sai ya zama duk sanda na samu tsakar gida ba kowa. Ƙarar tana gajarcewa. Ta koma kamar an ja numfashi ta haƙora, sannan kamar an taka busasshen ganye. Ran nan na murɗa, ban ji komai ba. Na kai kunne, na girgiza kwalbar, shiru. Na mayar da ita ramin. Na ci gaba da jiƙa rairayin kowace safiya kamar yadda aka ce.

Gero ya fitar da kai sanda aka dawo da Baba. Yadda aka yi, manya suka sani. Ƙannensa biyu suka shigo da shi, yana tafiya a gefen ƙafa saboda tafinsa duk ya tsage. Rigar da aka ba shi ta yi masa yawa. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, kin yi tsawo." Na ce, "Sannu da zuwa, Baba." Shi ke nan abin da muka ce.

Gida ya cika da masu barka kwana da kwanaki. Yana amsa musu, yana cewa alhamdu lillahi. In sun tafi sai ya zauna ya jingina da bango, ya zuba wa katanga ido. Duk abin da aka ajiye masa yana cinyewa da sauri, hannu ɗaya a kewaye da kwanon. Ran da murfin tukunya ya suɓuce mini ya faɗi, sai da ya miƙe tsaye.

Umma ta jira har baƙi suka ɗauke ƙafa. Ranar ta yi kitso, ta sa atamfar da ba ta sa ba tun tafiyarsa. Bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma, ta wanke kofunan biyu, ta ce mini, "Ɗauko."

Na haƙo kwalbar, na share mata rairayi da gefen zanena, na kai. Ina jin sanyinta a tafin hannuna. Na koma bakin ƙofa na zauna.

Baba ya juya kwalbar a hannunsa, kamar an ba shi ajiyar wani. Takardar zinaren ta zame da kanta. Ya miƙa hannu nesa da jikinsa, ya runtse ido, ya murɗa. Babu ƙara. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya zuba a kofuna biyu, lemun ya kwanta kamar ruwan randa, ko kumfa babu. Bai ɗaga nasa wajen haske ba.

Umma ta ture kallabi, ta kai kofin kunne. Ta daɗe a haka. Kaza ta zo ta wuce ta kan tabarmar, ba wanda ya kore ta.

"Direba, ba ka tambaye ni ba."

"Mi?"

"Wane irin ruwa ne."

Ya dube ta, ya dubi kofin. "To, wane iri ne?"

"An ɗauke," in ji ta.

Ya gyaɗa kai. Ya shanye nasa gaba ɗaya kamar magani, ya ce, "Da sanyi." Ya tashi ya koma jikin bangonsa.

Umma ta kurɓi nata sau ɗaya ta ajiye. Ta miƙo mini kwalbar, wannan karon kusan cike. Na ɗanɗana. Zaƙi ne kawai da ɗan tsami, kamar jiƙon tsamiya da ya kwana.

Muna wanke kofunan a bakin rariya, ita tana cuɗawa ni ina ɗauraya, sai ta fito da murfin daga ƙullin zanenta. Ta nuna mini zoben da ke ƙasansa, wanda ya rabu tun tuni, har rairayi ya shiga tsakani ya bushe.

"Sau nawa?"

"Ban ƙirga ba, Umma."

Na jira duka, ko faɗa. Ta ci gaba da cuɗa kofin da ya riga ya fita.

"Ya yi ƙara?"

"Ya yi."

"Wane iri?"

Na ce na farkon mamako ne, ya daɗe. Daga baya ya koma yayyafi.

Ta ce, "Mamako." Ta miƙo mini kofin. Da muka gama ta shiga ɗaki, na ji murfin ya faɗa cikin gwangwani.

Baba bai sake hawa hanyar Maraɗi ba. Yanzu yana zama a shagon ƙaninsa a bakin kasuwa, yana auna hatsi. Yana ci, yana salla, wani lokaci yana tambayata makaranta. Kofunan biyu sun koma na shayin baƙi. Ramin kwalbar yana nan a ƙarƙashin randa, bakinsa ya ɗan rufta. Har yau ina jiƙa wajen kafin in tafi makaranta, don ba wanda ya ce in daina.