Ludayin Mahaifina a Hannun Hagu

Duk wanda zai rubuta tarihin farfaɗowar buga zane da katako a Kano, idan mai adalci ne, sai ya ware mini babi guda.

Shekarun baya abokina ya ja ni daga Fagge zuwa wani shago a Sabon Gari. Mai shagon dattijo ne Ibo, haifaffen unguwar, wanda ya tsufa yana sassaƙa wa ofisoshi hatimi har kwamfuta ta ƙwace sana'ar. Duk Asabar mutane kan taru yana koya musu: a sassaƙa zane a katako, a shafa tawada, a ɗora takarda, a murza da bayan cokali.

Ni da bukatata na je. Mahaifina ya rasu bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, mahaifiyata kuma ta fara cewa kamanninsa na ɓace mata. Na ƙudurta zan fito mata da shi yana shan fura, yadda muka fi saninsa.

Dattijon ya ce, "Malam, ka riƙa duba aikinka a madubi. Takarda juya abu take yi."

Na ce to, irin to ɗinmu na malaman makaranta idan aka yi mana gyara. Ban duba ba.

Bayan sati uku na ɗaga takarda, sai ga mahaifina, mutumin da ya sha ƙwala mana ludayi a kan cin abinci da hagu, yana shan fura da hagu.

Na ce wa dattijon, "Baba, wannan ba zai shiga gidanmu ba."

"Ai na ji irin to ɗin da ka ce. Kawo kafin tawadar ta bushe."

Ya kifa ɗanyen bugun a kan sabuwar takarda, ya murza a hankali. Hoton ya sake juyawa, ludayi ya koma dama. Ya yi haske kaɗan, kamar wanda ake hangowa daga nesa. Ko sisi bai karɓa ba.

Dattijon ya riga mu gidan gaskiya, almajiransa sun ci gaba da bugu. Har gobe ina gode masa, don ya gyara ni bai kunyata ni ba, abin da ni ban cika yi wa ɗalibaina ba.

Mahaifiyata ta daɗe tana kallon hoton, ta share hawaye, ta sa mini albarka. Yana nan rataye a ɗakinta. Duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa, ta ce yayanta ne na Gwarzo.