Ruwan Maraban Gwaggo Tumba

Duk wanda ya san Gwaggo Tumba, yayar babana, ya san ɗan siyasa ba ya shiga ƙauyenmu ya fita bai sha ruwanta ba. Da ta ji jiniyar motoci daga wajen Tozai, sai ta wanke kwanon shanta tas, ta cika shi da ruwan tafkinmu. Kun dai san ruwan nan: ja wur, shanu su sha mu sha, kowace bazara ya kwantar mana da yara da ciwon ciki. Shi take kai wa baƙo har da durƙusawa. Wa ya isa ya ƙi ruwan maraba daga hannun tsohuwa a gaban jama'a?

Na tuna wani mai neman kansila, da gorar ruwansa mai sanyi a mota. Ya leƙa kwanon, ya dube mu, ya ɗan taɓa da leɓe zai ajiye.

"A'a, ɗana, shanye!" in ji Gwaggo. "Tun muna 'yan mata shi muka sha, kuma ba dut munka mutu ba."

Wallahi sai da ya shanye. Jawabin da ya zo yi ma a gurguje ya yi shi.

Kayan zaɓe kuwa ba ta mayar da na kowa. Taliya, atamfa, magi, kowace jam'iyya ta kawo hannu biyu take sawa. Ran da aka raba sabulu ta juya shi, ta shinshina, ta tambayi wakilin jam'iyyar: "Wanga ci akai, ko da ƙasa za mu cuɗa shi?" Shi kuma don ya kawar da zancen ya ce, to Gwaggo, wa za ki zaɓa?

"Ƙuri'a awa cikin fari ta," ta ce. "Ba a faɗi, sai dai a gani."

Bayan wani zaɓe, Onarabul ɗin da ya yi mana rantsuwar burtsatse ya yi ɓatan dabo. Wata Lahadi, ranar kasuwar Illela, Gwaggo ta hau bayan babur ɗina da jarka, ta ce in kai ta gidansa. Kai, gida! Muka tarar mai gadi na ba furanni ruwa da tiyo, ruwa fari ƙal yana malala har titi. Gwaggo ta tsaya tana kallo, ni kuwa na san kallon nan nata ba alheri ba ne.

"Malam," ta ce, "hakin ga, wa yaz zaɓa? Gaya min layin da yab bi, in bi shi baɗi."

Ta karɓi tiyon daga hannunsa, ta cika jarkarta, ta yi godiya sosai. Lahadin da ta biyo baya ba ita kaɗai ba ce. Tsofaffin matan ƙauyenmu kaf ta kwaso a motar kasuwa, har da matan rugar Fulani, kowacce da jarka. Ba zagi, ba hayaniya. Layi kawai suka ja a ƙofar gidan, irin na ranar zaɓe, 'yan canji da 'yan kabu-kabu na ta dariya. Da Onarabul ya leƙo, Gwaggo ta ce, "Ranka shi daɗe, kada ka damu. Mu munka ɗora ka, ruwanka ruwanmu na."

Haka suka yi ta yi masa duk mako, har kunya ta yi abin da rantsuwa ta kasa. Kafin damina motar haƙa ta iso ƙauye.

Sai dai lokacin Gwaggo ta kwanta ciwo, ko ƙofar ɗaki ba ta iya kaiwa. Ni na kawo mata kofin farko da ya fito daga fanfon. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Mi ne wannan? Ruwa lami, ba ɗanɗano ba ƙamshi!"

Muka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta daɗe riƙe da kofin tana kallon yadda ake hango gindinsa, sannan ta miƙo min.

"Ni cikina ya saba da wancan. Ka kai ma yara wanga. 'Ya'ya biyu nib binne saboda ruwan tafki, kada a ƙara."

Ban taɓa jin ta ambaci 'ya'yan nan ba sai ranar. Ba ta ga ƙarshen daminar ba.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Tumba, Ya haɗa ta da 'ya'yanta, Ya shayar da su ruwan Alkausara. Amin.