Goggo da Kajin Bayan Gida

Goggo ba ta iya zama wuri ɗaya. Tun rasuwar mijinta kaji ne sana'arta, su ne kuma abokan hirarta, tana watsa musu dusa tana yi musu faɗa kamar masu ji. Sai ga ƙaninta direba ya kawo mata riƙon 'yarsa, wadda ba ta kai shekara uku ba. Ana ce mata Tsako, don duk inda kaji suka nufa tana biye.

Rannan Goggo ta tarar da ita a bakin akurki, ta rungume wata kaza tana sumbatar ta. Goggo dariya kawai ta yi. Ba a jima ba zawo da zazzaɓi suka kwantar da yarinyar, idanu duk suka faɗa.

A asibiti benci ya gagari Goggo. Ta leƙa ɗakin da ake ƙara wa Tsako ruwa, ta dawo, ta kwance ɗankwali, ta sake ɗaurawa.

"Akwai kaji a gida?" in ji nas.

"Lafiyarsu lau, 'yar nan. Ko mura ba sa yi."

"Kaza kan ɗauki ƙwayar cuta a kashinta da gashinta ba ta ji komai ba, Goggo. Ƙaramin yaro ne jikinsa bai yi ƙwari ba."

Direba, wanda ya iso asibitin, ya yi tsaki. "Haba Yaya, ai cikin kaji muka tashi! Shi ya sa ko ciwon kai ba na yi. 'Yar ƙazantar nan ita ke ƙarfafa jini."

Goggo ta juyo. "Mu nawa Inna ta haifa, mu nawa muka rage?"



Da aka sallame su, ta kira mai sayen kaji ya kwashe su duka. Yana kama ta farko, kazar ta yi kuka, Goggo ta ce, "Sake ta, na fasa." Ya tafi yana gunaguni. Sai ta nemo kafinta ya zagaye akurkin da raga, ta ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa.

Tsako ta yi ta birgima tana kuka, har ta haƙura. Yanzu ta ramukan raga take jefa musu tsaba. Goggo kuwa ko tana wanke-wanke ta ji shiru ya yi yawa, sai ta yar da kwano ta nufi bayan gida da kumfa a hannu.